Darasin Lafiya: Gidajen Taici Biyar, da Wanda Ya Dace da Ƙafar Dattijo



Darasinmu na wannan fitowa a kan wani wasan Sinawa ne mai suna Taici. Da yawa cikinmu mun taɓa ganinsa a talabijin ko a waya, inda tsofaffi ke yin sahu a fili da sassafe suna ɗaga hannu sannu a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Wanda bai sani ba sai ya zaci rawa ce, alhali kuwa dabarar faɗa ce mai tarihin fiye da shekara 300. Abin da ya kawo shi shafin lafiya shi ne matsalar faɗuwar tsofaffi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Mu a nan ba sai an karanta mana alƙaluma ba. Mun san lungu mai gargada da kwatar da ake tsallakawa, mun san santsin wurin alwala, mun san fita sallar asuba cikin duhu. Dattijo ya zame sau ɗaya ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciyar watanni, wani ma ba ya sake taka ƙafarsa zuwa masallaci. Wanda bai karye ba kuwa tsoro ke shigarsa, ya daina fita, ƙafa ta ƙara mutuwa saboda zama, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko sauƙin samuwa.

Mu masu aikin haɗa magunguna mun saba da tambayoyi uku game da kowane magani: wane iri ne, nawa ake sha, kuma wane ne bai kamata ya sha ba. Da waɗannan tambayoyi za mu auna Taici.

ASALIN WASAN

Cikakken sunansa Taijiquan. Kalmar ƙarshe tana nufin dunƙulen hannu, wato dambe. Akwai labarin da ke jingina shi ga wani mai zaman kaɗaici a dutsen Wudang mai suna Zhang Sanfeng, amma masana tarihi sun ajiye wannan a sahun almara. Inda aka fi samun hujja shi ne wani ƙauye mai suna Chenjiagou, wato ƙauyen zuriyar Chen, a lardin Henan da ke tsakiyar ƙasar Sin. A can ne ake danganta tsara wasan ga Chen Wangting, wani tsohon soja da ya rayu a ƙarni na 17. Zuriyarsa sun riƙe abinsu a cikin gida, uba ya koya wa ɗa, har tsawon shekara fiye da ɗari.

Mu da muka san dambe ba za mu sha wahalar gane maganar gidaje ba, domin a fagen dambe ma akwai Kudu da Arewa da Jamus da Guramada. Sai dai gidajen Taici na zuriya ne, kowane yana ɗauke da sunan iyalin da suka kafa shi, kuma kowane yana da irin tsayuwarsa da irin takunsa. Manyan gidajen biyar ne. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sanya wasan cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

GIDAJE BIYAR

Gidan Chen shi ne uwa. Mai yinsa yana durƙusawa ƙasa sosai, yana murɗa jiki daga ƙafa zuwa ƙugu zuwa hannu, murɗawar da suke kwatantawa da zare silki daga gidan tsutsarsa. Ana cikin tafiya a hankali sai ka ga ya saki naushi kamar walƙiya, ko ya buga ƙafa a ƙasa, ko ya yi tsalle. Kamannin faɗa sun fi fitowa a wannan gida. Jama'ar birni ba su san shi sosai ba sai da Chen Fake ya je Beijing ya fara koyarwa a 1928. Ga saurayi mai lafiyar gwiwa wasa ne mai daɗi. Ga mai shekara 70 da gwiwarsa ke ƙara idan ya miƙe, nauyin ya yi yawa.

Gidan Yang ya samo suna daga Yang Luchan, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1872. Baƙo ne daga lardin Hebei, ya je ƙauyen Chen ya zauna shekaru yana koyo a hannun Chen Changxing, daga baya ya tafi Beijing ya koyar da 'ya'yan sarauta da dogaran fada. Jikansa Yang Chengfu, wanda ya rasu a 1936, shi ya daidaita wasan yadda aka san shi yau. Ya cire tsalle da buga ƙafa, ya mayar da motsin mai faɗi da laushi, gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan gida shi ne ya fi yaɗuwa a duniya, kuma galibi shi muke gani a talabijin. Cikakken jerin motsinsa yakan ɗauki minti 20 ko fiye.

Gidan Wu-Hao na Wu Yuxiang ne, wani masani ɗan gidan masu hali, ɗan gari ɗaya da Yang Luchan. Ya rasu a 1880, iyalin Hao suka ci gaba da yaɗa koyarwarsa, shi ya sa ake haɗa sunayen biyu. Motsinsu ƙanana ne, taku gajere, jiki a miƙe, hannu ba ya nisa da ƙirji. Shi ne mafi ƙarancin mabiya cikin biyar ɗin, kuma samun malaminsa a wajen ƙasar Sin yana da wuya.

Gidan Wu na biyu daban yake. A rubutun Sinawa sunayen ba iri ɗaya ba ne, a haruffan boko ne suka zo ɗaya. Wu Quanyou, wani jami'in sojan fada, ya koya a hannun iyalin Yang, ɗansa Wu Jianquan kuma ya yaɗa wasan a Shanghai. Ana gane 'yan wannan gida da karkata jiki gaba kaɗan, kai da baya da ƙafar baya su zama layi ɗaya, da kuma tsayuwar da ba ta buɗe ƙafa sosai. Sun shahara a atisayen mutum biyu da ake kira tura hannu, inda abokan wasa ke haɗa hannu, kowa yana sauraron nauyin ɗan'uwansa don ya kauce wa turi ya bar mai turin ya tafi da ƙarfinsa.

Gidan Sun shi ne auta. Sun Lutang, wanda ya rasu a 1933, ya riga ya ƙware a wasu dabarun faɗa biyu, sai da ya kai kimanin shekara 50 sannan ya koyi Taici a hannun Hao Weizhen na gidan Wu-Hao. Tsarinsa na tsaye ne, babu durƙuso mai zurfi, babu tsalle. Alamarsa ita ce taku mai bin baya: idan ƙafa ɗaya ta yi gaba, ɗayar ta biyo ta kusa, idan ɗaya ta ja baya, ɗayar ta bi ta. Saboda haka ƙafafu ba sa yin nisa da juna, gwiwa ba ta daɗewa ɗauke da nauyi a lanƙwashe. Akwai kuma buɗe tafuka da rufe su a gaban ƙirji tare da numfashi. Wani likita a birnin Sydney na Ostireliya, Paul Lam, a kan wannan gida ya gina shirinsa na masu ciwon gaɓoɓi a 1997.

Banda gidajen nan akwai gajeren tsari. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta sa aka tsamo motsi 24 daga gidan Yang don jama'a su iya koya cikin sauƙi. Ana gama shi cikin minti shida ko kusa da haka, kuma shi aka fi koya wa sababbin shiga a ko'ina.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Mu ba ma yabon magani sai an gwada shi. A 1996 aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Atlanta na Amurka a kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda suka yi Taici na mako 15 haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2018 wani bincike a jihar Oregon ya raba tsofaffi 670 gida uku: masu Taici, masu motsa jiki na haɗe-haɗe, da masu miƙa gaɓoɓi kawai. Bayan mako 24, ana yi sau biyu a mako, faɗuwar masu Taici ta yi ƙasa da ta masu miƙa gaɓoɓi da kashi 58 cikin 100, ta kuma yi ƙasa da ta masu haɗe-haɗe da kashi 31. Abin lura a nan, motsi takwas kacal aka koya musu.

Ga masu ciwon gwiwa na tsufa, wani bincike na 2016 a birnin Boston a kan mutum 204 ya samu cewa mako 12 na Taici ya rage ciwo kwatankwacin yadda gashi da atisayen asibiti suka rage. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta sanya shi cikin abubuwan da take ba da shawara mai ƙarfi a kansu ga masu ciwon gwiwa da ƙugu.

Game da hawan jini, wani bincike da aka yi a ƙasar Sin aka wallafa a 2024 ya bi mutum 342 waɗanda jininsu ya fara hawa amma bai kai matakin cuta ba. Bayan shekara guda lambar sama ta awon jinin masu Taici ta sauka da kimanin maki 7, ta masu sassarfa da tuƙa keke kuma ta sauka da ƙasa da maki 5. Ragi ne mai amfani, amma wanda awonsa ke nuna 170 ya san maki 7 ba za su fisshe shi ba. Kada kowa ya ajiye maganinsa saboda ya fara wannan wasa.

Dalilin amfanin a fili yake. Tafiya ita ce tsayuwa a kan ƙafa ɗaya sannan a kan ɗayar, kuma a wannan ɗan tsakanin ne mutum ke faɗuwa. Taici yana tsawaita wannan lokaci da gangan, ana maimaitawa har cinya da idon sawu su yi ƙarfi, tafin ƙafa ya koma jin ƙasa, jiki ya saba da juyawa ba tare da kai ya riga ƙafa ba. Naman cinyar da ke wannan aiki shi ne dai mutum ke miƙewa da shi daga sujada.

WANE GIDA ZA A ZAƁA

Ga dattijo ko dattijuwa mai ciwon gwiwa, ko wanda ya taɓa faɗuwa, shawararmu ita ce gidan Sun, ko gajeren tsarin Yang a yi shi a tsaye ba tare da durƙuso ba. Wanda ke tsakanin shekara 40 da 60 kuma gwiwarsa lafiya lau, motsi 24 sun ishe shi. Gidan Chen a bar wa matasa, su ma da malami. Wannan bambanci yana da muhimmanci domin yawancinmu a waya za mu fara nema, kuma hoton da ya fi burgewa a YouTube galibi na 'yan gasa ne masu sauka har cinya ta kusa taɓa ƙasa. Dattijon da ya kwaikwayi wannan zai iya samun ciwon da ya zo gudu.

A kuma yi hattara da masu cika baki, masu cewa suna kayar da mutum ba tare da sun taɓa shi ba, ko suna warkar da ciwon suga da numfashi. A 2017 a birnin Chengdu wani ɗan damben zamani ya kayar da wani mai kiran kansa gwanin Taici cikin 'yan daƙiƙoƙi, abin ya zama abin magana a duk ƙasar Sin. Mu ƙarfin ƙafa muke nema a wasan, kuma a nan ne hujja take.

TAMBAYAR ADDINI

Mun san iyayenmu za su tambaya ko akwai bauta a ciki, kuma tambaya ce da ta dace. Gaskiya ne tsofaffin littattafan wasan suna bayani da kalmomin falsafar Sinawa, irin su daidaito tsakanin taushi da tsauri, ko cika da wofi. A wajen aiki, ƙafa mai cika ita ce mai ɗauke da nauyi, ta wofi ita ce wadda aka sauke wa nauyi. A shirye-shiryen lafiya da muka ambata ba a kiran sunan wani abin bauta, ba a karanta komai. Gaisuwar da aka saba ita ce haɗa dunƙulen hannu da tafi a gaban ƙirji, wanda bai so ba ya bar ta, sallama ta isa.

Yana da kyau a sani cewa Musulmin ƙasar Sin, 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe da shahara a dabarun faɗa na ƙasarsu. Wang Ziping, wanda ya rasu a 1973, Musulmi ne, gwani ne a salon Chaquan, kuma maɗori ne sananne a Shanghai. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nuna wa malaminsa motsin ya ji ta bakinsa. Mata za su iya yin nasu a tsakar gida su kaɗai, da suturarsu ta kullum.

YADDA ZA A FARA

A samu wuri mai laushin ƙasa ɗaya, busasshe, mai haske, kusa da bango ko kujera mai ƙarfi. A cire silifas. Takalmi mai rufe dunduniya maras tudu ya fi, ko ƙafa tsirara idan daɓen yana da tsabta, amma mai ciwon suga kada ya yi ba takalmi. A naɗe babbar riga, a ɗaga zani kada ya harɗe ƙafa.

1. Tsayuwa. A buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a saki gwiwa kaɗan, a saukar da kafaɗa, kai a miƙe, ido na kallon gaba. A shaƙi iska ta hanci a fitar a hankali, na minti ɗaya.

2. Sauya nauyi. A mayar da nauyin jiki kan ƙafar dama har hagu ta yi sakayau, a ƙirga uku, a koma hagu. Sau goma. Jiki ya tafi gaba ɗaya, kada kafaɗa ta karkata.

3. Taku. Nauyi na kan dama, a miƙa hagu gaba a ajiye dunduniya tukuna ba tare da an ɗora mata nauyi ba. Sai an tabbata ta zauna sannan a sauke tafin a tura nauyi a hankali, ƙafar baya ta biyo kusa. Taku goma, hannu ɗaya na kusa da bango. Wannan shi ne zuciyar darasin: ƙafa ta fara tambayar ƙasa kafin jiki ya bi ta.

4. Hannun gajimare. Ana taku gefe, ƙafa ɗaya ta buɗe ɗayar ta biyo, hannu ɗaya na wucewa ta gaban fuska, ɗayan ta gaban ciki, suna canzawa, ƙugu na juyawa da su. Biyar zuwa dama, biyar zuwa hagu.

5. Buɗewa da rufewa. Tafuka na kallon juna a gaban ƙirji. A buɗe su zuwa faɗin kafaɗa ana shaƙar iska, a dawo da su ana fitarwa. Sau shida, a rufe da shi.

Doka ɗaya ta shafi duka: gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kuma kada ta wuce su. Gajiyar cinya ba laifi. Ciwo mai suka a cikin gwiwa kuwa alama ce ta a tsaya a ɗaga jiki sama.

Game da ƙa'ida, a yawancin binciken da muka ambata sa'a guda ake yi, sau biyu a mako ko fiye, na wata uku zuwa shekara guda, a gaban mai koyarwa. Mai farawa ya soma da minti goma kullum, yana ƙara biyar duk mako biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa jiki aƙalla kwana uku a mako. Sannu ba ta hana zuwa, amma kamar maganin hawan jini ne, in an daina amfanin yakan tafi. Yin sa cikin jama'a ya fi, mutum biyar ko shida bayan sallar asuba idan gari ya waye, tare da wani matashi da zai tsaya kusa da mai rauni. Inda aka samu ƙwararren mai koyarwa ko ma'aikacin gashi na asibiti, a nemi ya duba tsayuwar kowa.

MAGUNGUNA DA GARGAƊI

Wani lokaci abin da ke kayar da dattijo yana cikin ledar maganinsa. Magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, sukan kawo jiri idan aka miƙe da sauri, don haka a zauna bakin gado minti ɗaya kafin a tashi. Diazepam da amitriptyline da tramadol da Piriton suna sa maye da nauyin jiki. Insulin da glibenclamide na iya saukar da suga idan aka motsa jiki da yunwa, saboda haka mai shan su ya ci wani abu tukuna, ya riƙe dabino ko suga a aljihu, a watan azumi kuma ya bari sai bayan buɗa-baki. Dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha ba da izinin likita ba suna cinye ƙashi, ƙaramar faɗuwa ta zama karaya. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don gwiwa suna taɓa ciki da ƙoda, suna kuma ɗaga jini. Kada a daina maganin da likita ya rubuta da ra'ayin kai. A tattaro su duka, har da na gargajiya, a kai wa likita ko mai haɗa magunguna ya duba.

Wanda ke da ciwon zuciya, ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko aka yi masa aikin ƙugu ko gwiwa, ko yake yawan jin jiri, ya ga likita kafin ya fara. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko ido ya rufe ana cikin yi, ya zauna nan take a kai shi asibiti. Wanda ba ya iya tsayuwa zai iya yin motsin hannu da numfashi a zaune. A kuma duba ido, domin yanar ido tana kayar da mutum ko da ƙafarsa na da ƙarfi.

Muna roƙon 'ya'ya da jikoki su karanta wa iyayen da ba sa karatun boko wannan darasi, su gwada musu motsin biyar, su kuma sa fitila a hanyar banɗaki. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka, ya bar su da ƙafafunsu zuwa masallaci da zumunci. Amin.